Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Mai Magana Jari Ce: Tarihinsa Da Aikinsa

Duk faɗin ƙasar Hausa da wuya a sami mutumin da ya zauna a aji ya koyi karatun boko, sa'an nan a ce bai san Waziri Aku ba, ko kuwa bai taɓa yin dariyar ƙetar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman su ke yi wa juna ba. Da yawa daga cikin malamai da akawunan da za su karanta wannan shafi da littattafan nan suka buɗe ido, a cikinsu suka fara gane cewa ashe akwai daɗi a cikin karatu. Amma sanin littafi daban, sanin mai littafi daban. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo tarihin mutumin da ya rubuta su, watau marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a nan Zariya, a nan kuma ya rasu cikin 1981.

Muna da wani dalili kuma. Tun daga shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika rumfunan masu sayar da littattafai, a kasuwar Sabon Gari da bakin titin Samaru da sauran garuruwan Arewa, daga baya kuma suka koma cikin wayoyin hannu. Iyaye da malamai sun daɗe suna gardama a kansu, waɗansu suna cewa ɓata tarbiyya su ke yi, waɗansu suna cewa su ne suka riƙe karatun Hausa da rai. Wanda ya ke so ya yi hukunci a kan wannan gardama bisa adalci, wajibi ne ya koma ya dubi inda aka faro rubuta hikaya da harshenmu, da abin da masu farawar suka nufa. To, in an koma can, Malam Abubakar Imam za a tarar a bakin ƙofa.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam cikin 1911 a garin Kagara, wadda a zamanin nan ta ke cikin Lardin Kwantagora, yanzu kuwa tana cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne masanin shari'a, asalin zuriyarsu kuwa daga ƙasar Barno ta fito. A gida ya yi karatun allo, ya fara sanin Larabci, kunnensa kuma ya saba da labarun da ke cikin littattafan malamai. Wannan tushe ya yi masa amfani ƙwarai daga baya, domin sa'ad da takwarorinsa su ke ɗiba daga rijiya ɗaya, shi daga uku ya ke ɗiba, watau Hausa da Larabci da Turanci.

Shekarar da aka haife shi ita ce shekarar da hanyar jirgin ƙasa daga Baro ta ratsa Zariya ta kai Kano. Jirgin nan shi ya raya Sabon Gari, ya tara mata akawuna da 'yan kasuwa da masu sana'a daga kudu da arewa, shi ne kuma daga baya ya riƙa kwasar jarida da littattafan da Imam ya rubuta yana kai su nesa.

Wansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, malami ne a Katsina, ta dalilinsa ne Abubakar ya koma can karatu. Cikin 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda aka kafa don horad da malaman makaranta, ya fita cikin 1932. A wannan kwaleji ya yi zamani da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, da Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Kwalejin nan ita ce aka mayar Kaduna cikin 1938, sa'an nan Zariya cikin 1949, inda daga baya ta sami sunan Barewa. Da ya gama, aka ba shi aikin koyad da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. A lokacin nan da sunan Malam Abubakar Kagara aka fi saninsa.

Gasar 1933

A zamanin nan makarantun boko suna yaye yara waɗanda suka iya haɗa baƙi, amma babu abin da za su karanta in sun fita, sai 'yan littattafan aji da fassarar labarun tarihi. Duk malamin da ya koyar a ƙauye ya san abin da wannan ke haifarwa. Yaro ya kan sha wahala shekara huɗu ya koyi karatu, in ya koma gona ba ya ganin takarda, bayan damina biyu ko uku sai karatun ya zube. Gwamnati ta kafa Hukumar Fassara cikin 1929, daga baya aka kawo ta Zariya, aka kuma sake mata suna ta zama Hukumar Talifi. Shugabanta wani Bature ne mai son Hausa ƙwarai, Dokta Rupert East.

Cikin 1933 Dokta East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labaru na ƙirƙira, ya sa gasa a kan haka. Abin bai zo da sauƙi ba, gama a wurin malaman lokacin rubutu abu ne na addini da ilmi da wasiƙun sarakuna, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara da dare. Mutum mai mutunci ya zauna ya ɓata tawada a kan abin da bai faru ba, wannan baƙon al'amari ne. Duk da haka waɗansu suka amsa, aka sami littattafai biyar waɗanda aka buga. Su ne Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Balewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da Dokta East. Ashe ke nan biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito. Sa'ad da Imam ya rubuta nasa shekarunsa ba su wuce 22 ba.

Ruwan Bagaja labarin wani saurayi ne da ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan da zai warkad da ɗan sarki, domin ya wanke mutuncin malamin da ya rene shi, wanda aka yi wa dariya a fada. A ko wane gari ya sauka sai ya gamu da Malam Zurƙe, yau wannan ya kā da wancan, gobe wancan ya rama. Masana sun nuna cewa ya ɗauki tsarin gamuwar mutum biyu a gari bayan gari daga Muƙamatul Hariri, littafin da malamanmu su ke karantawa a zaure. Amma kasuwannin da ke ciki, da alƙalan, da dogaran, da 'yan caca, duk na ƙasar Hausa ne, kowa ya karanta ya san su.

Jiki Magayi kuwa shi ne ya fara ɗora labari dungum a kan so da aure. Abubakar yana son Zainab, tana sonsa, sai wani mai dukiya, Malam Shaihu, ya shiga tsakani ya aure ta. Abubakar ya ƙullaci abin, ya tafi neman asirin ramuwa, sharrin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, daga ƙarshe ya cinye su duka. Mu lura da wannan da kyau: tun ranar da aka fara buga hikaya da Hausa, a nan Zariya, akwai zancen budurwa da saurayi da ƙarfin dukiya a ciki. Kukan da marubutan soyayya suka yi ta yi bayan shekara hamsin, John Tafida ya riga ya fara shi.

Magana Jari Ce

Dokta East ya ga alamar baiwa a hannun malamin nan na Midil, sai ya nemi a ba shi aronsa. Cikin 1936 Imam ya zo Zariya, aka tara masa littattafan hikayoyi na ƙasashe dabam dabam, na Larabawa da na Hindu da na Turawa, ya zauna kamar wata shida yana karantawa yana rubutu. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, da labaru wajen tamanin a cikinsu.

A littafi na ɗaya Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana ƙulla makircin da zai hallaka yaron in ya fita daga fada. Aku ne ya tsare shi, kullum ya yi shirin fita sai ya ɗauko masa labari, har gari ya waye. Da Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa Aku a matsayinsa. A littafi na biyu Waziri Aku ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuwa yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana.

A nan akwai abin da ya kamata malamai su sani, gama yana nuna irin hankalin mutumin. Labarin aku mai tsare mutum da hira tsoho ne, asalinsa daga ƙasar Hindu, Farisawa kuma suka juya shi da harshensu. Amma a can, matar wani falke ce aku ya ke tsarewa. Mijinta ya yi tafiya, ko wane dare tana shirin fita wurin wani namiji, aku yana ɗauke mata hankali da labari har mijin ya komo. Imam ya san littafinsa aji zai shiga, yara za su karanta a gaban malaminsu, su kuma kai shi gida. Sai ya riƙe akun da dabararsa, ya kawad da matar falke, ya sa ɗan sarki mai ɗokin yaƙi a gurbinta. Tsarin bai raunana ba, littafin kuwa ya shiga ko wane gida ba tare da an ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma ba.

Wannan ba ya nufin ya guje wa zancen so. A cikin Magana Jari Ce akwai labarin Ƙamaruzzaman, wanda ya samo daga Alfu Laila, watau ɗan sarkin da ya ƙi aure har ubansa ya tsare shi, sa'an nan ya ga wata 'yar sarki sau ɗaya, ya rasa sukuni sai ya same ta. Akwai kuma labarun ma'aurata irin su Kalala da Kalalatu, da Sahoro da Sahorama, inda ya ke nuna zaman miji da mata da ban dariya, da kwaɗayi da wauta da wayon da ke cikinsa. Ya rubuta bege da kishi da rabuwa, amma da harshen da uba zai iya karantawa a gaban 'yarsa. Ko wane labari kuma yana da inda ya dosa, sau da yawa ma karin magana ne sunansa.

Waɗansu masu nazari, musamman tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cikin 1962 aka shiga binciken adabin Hausa, sun bi sawun labarun nan ɗaya ɗaya, suka gano wannan daga Alfu Laila ya ke, wannan daga Kalila wa Dimna, wancan daga tatsuniyoyin Jamus. Har a kan sami mai cewa ai Imam bai ƙaga kome ba, aro ya yi. Mu dai a ganinmu wannan magana ba ta auna aikin daidai ba. Shi bai ɓoye cewa an ba shi littattafai ya duba ba, kuma masu hikaya na ko wace al'umma haka su ke yi tun fil azal, Alfu Laila kanta taro ce daga ƙasashe da yawa. Abin dubawa shi ne yadda hatsin ya koma bayan ya shiga turminsa. Kalalatu a ƙasar Jamus kuyanga ce mai dafa wa ubangidanta kaji, amma wa ya taɓa karanta ta a Hausa ya ji ƙanshin baƙunci? Auduga ko daga ina aka saye ta, sunan masaƙi a ke kira in an ga zane.

Babban abin da ya bari a cikin littattafan nan shi ne Hausar kanta. Kafin shi, rubutun boko ya kan fito a sandare, kamar an ɗauko jimlar Turanci an sa mata riga. Shi ya nuna ana iya rubuta Hausa yadda a ke faɗinta a zaure da kasuwa da fada, bafade da irin bakinsa, Bamaguje da irin nasa, Bature mai koyon Hausa da irin tasa karyayyar, a kuma karanta a ji kamar ana saurare. Duk wanda ya rubuta hikaya da Hausa bayansa, ko ya sani ko bai sani ba, a kan wannan turba ya ke tafiya.

Editan Gaskiya

Cikin watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayad da ita kwabo ɗaya, aka kuma ɗauko Imam daga Katsina ya zama editanta na Hausa na farko. Lokacin kuwa duniya ta ɗauki zafi, jita-jita ta cika kasuwanni, har ana cewa za a ba Jamus ƙasar nan. Jaridun Ikko, irin su West African Pilot ta Dokta Azikiwe, suna zuwa ta jirgi ana karanta su a Sabon Gari, amma da Turanci su ke, kuma ba su san ciwon Arewa ba. Gwamnati tana bukatar bakin da za ta yi magana da talakawa, talakawa kuma suna bukatar inda za su kai kuka.

Kujerar nan tana da wuyar zama. Jaridar ta Gwamnati ce, Turawa suna duba abin da za a buga. Sarakuna da manyan En'e ba su saba a taɓa su a takarda ba. Samari 'yan makaranta kuwa suna so a faɗi kome a fili, in edita ya sassauta su ce ya zama bakin Turawa. Imam ya zauna a tsakiyar waɗannan wajen shekara goma sha biyu. Dabararsa ita ce ta Waziri Aku, watau ya faɗi gaskiya ta hanyar da mai iko zai iya haɗiye ta. Ya buɗe shafi ga wasiƙun masu karatu, malamin ƙauye da akawun gunduma suka sami wurin yin magana a kan haraji da cin hanci da ƙarancin makarantu da asibitoci. Ya kuma sha aikin neman kalmomin da za a kira sababbin abubuwa da su, na yaƙi da na mulki da na kimiyya, har mutanen da ba su taɓa barin lardinsu ba suka riƙa bin labarin Yaƙin Duniya na Biyu da harshensu.

Cikin 1943 aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su takwas zuwa Ingila, Imam yana cikinsu, shi kaɗai ne daga Arewa. A can Dokta Azikiwe ya shirya takarda ta neman a sa ranar ba da mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu. Waɗansu sun zarge shi a kan haka. Amma dalilinsa a fili ya ke: ba a aiko shi da wannan saƙo ba, kuma yana ganin in aka yi gaggawa alhali Arewa ba ta da ma'aikata masu ilmin zamani, to, za ta fita daga hannun wani ta faɗa hannun wani ne kawai. Wanda ya ke zaton tsoron Turawa ne ya hana shi, sai ya dubi abin da ya yi a wannan tafiya. Ya gana da tsohon Gwamna Lugga, wanda ya kafa mulkin En'e, ya bayyana masa aibobin da suka shiga tsarin, da yadda a ke danne talakawa, da yadda ba a sauraron samarin da aka ilmantar, daga baya kuma ya rubuta masa wasiƙu a kan haka. Labarin tafiyar ya zuba shi a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito cikin 1944.

Cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, aka haɗa jarida da ɗab'in littattafai wuri ɗaya, Zariya ta zama cibiyar ɗab'in Hausa ta duniya duka a zamanin nan.

Siyasa Da Aikin Hukuma

Sa'ad da 'yan boko na Arewa suka fara haɗa kai, Imam yana cikin na gaba. Tarurrukan da aka yi a Zariya da Kaduna cikin 1948 su ne suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda aka yi babban taronta na farko a Kaduna cikin 1949, Dokta Dikko yana shugaba, Imam yana ma'aji. Cikin 1951 ta zama jam'iyyar siyasa sosai. A wannan shekara aka zaɓe shi ya shiga Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, daga can kuma ya tafi Majalisar Wakilai ta Ikko.

Amma siyasar jam'iyya ba ta karɓe shi ba. Mutum ne mai son ya auna magana kafin ya goyi bayanta, siyasa kuwa tana son a bi sahu. Cikin 1954 ya bar ta ya koma wajen littattafai, daidai lokacin da Yaƙi da Jahilci ya kankama, aka kuma kafa hukumar NORLA don ta samad da abin da manya masu koyon karatu za su karanta. A zamaninta ne aka riƙa buga ƙananan jaridun larduna, Bazazzaga ta Zariya, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato. An rufe hukumar cikin 1959. Shi kuwa tun kafin nan an naɗa shi cikin hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan Gwamnatin Jihar Arewa, aikin da ya yi shekaru yana yi a lokacin da a ke ƙoƙarin cika ofisoshi da 'yan ƙasa. Akawuna da yawa na wancan zamani a gabansa suka zauna ranar da aka gwada su. Da aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya cikin 1966, yana cikin waɗanda suka riƙe ragamarsa tun farko.

Duk wannan bai sa ya ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi don 'yan makaranta. Shi da Dokta East suka rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana halittun sama da ƙasa da Hausa mai sauƙi. Ya rubuta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sayyidina Abubakar, da labarin aikin hajji. In an haɗa hikaya da tarihi da addini da kimiyya da abin da ya zuba a jarida, babu wani marubucin Hausa na zamaninsa da ya kai shi yawan aiki. Jami'ar Badun ta ba shi digirin girmamawa na Dokta saboda hidimar da ya yi wa adabi.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar Juma'a, 19 ga watan Yuni, 1981, yana da shekara 70. Cikin 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da Turanci, daga abin da ya rubuta da kansa, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara.

Abin Da Ya Biyo Baya

Shekara guda kafin rasuwarsa, watau cikin 1980, kamfanin NNPC ya buga littattafan da suka ci wata sabuwar gasa. Biyu daga ciki labarun so ne, Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wadda ita ce mace ta farko da aka buga wa littafin hikaya da Hausa. Ashe ke nan ƙofar da aka buɗe a Zariya cikin 1933, a Zariya aka ƙara faɗaɗa ta. Bayan haka tattalin arzikin ƙasa ya tsuke, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Sai samari da mata, galibi a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa 'yan kasuwa. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Balaraba Ramat Yakubu mai Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna. Zancen auren dole da kishiya da saki da karatun 'ya mace, duk suka fito fili.

A nan ne tarihin Imam ya ke da abin da zai gaya wa ɓangarorin nan biyu masu gardama. Ga masu cewa a hana littattafan so ɗungum, sai mu tuna musu dalilin da ya sa aka yi gasar 1933. Karatun da ba a jin daɗinsa ba ya zama. Matan aure da 'yan mata masu yawa, waɗanda aka cire daga makaranta da wuri, da littattafan nan suka riƙe karatunsu, waɗansu ma dominsu suka koya. Malamin da ya ƙwace littafi daga hannun yarinya bai ba ta wani a madadinsa ba, ya taimaki jahilcin da a ke yaƙi da shi.

Ga marubuta kuma, sai mu ce su dubi yadda mutumin nan ya yi aiki. Ya karanta na Larabawa da na Hindu da na Turawa kafin ya rubuta nasa. Ya yarda edita ya duba masa, ya gyara, ya sake. Ya kiyaye ƙa'idar rubutu, bai haɗa kalmomin da ya kamata a raba ba, bai bar ƙugiya ta faɗi daga ƙ da ɗ da ɓ ba. Ya ari labari daga nesa, amma bai bar shi da tufafin baƙi ba. Kuma ya san wanda zai karanta, ya ji kunyarsa. Littattafai da yawa da suka yi tashe shekara guda an manta da su, Magana Jari Ce kuwa ta haura shekara tamanin ana karanta ta a makarantu, dalilin ke nan.

Saura mu malamai da ma'aikata. Yawancinmu mun karanta littattafan nan don cin jarrabawa, muka ajiye. Muna roƙon ko wane malami ya nemi kwafi ya sa a ajinsa, ya keɓe ko da rabin sa'a a mako ya karanta wa yara labari guda da murya, yadda a ke yi a da, sa'an nan ya sa su rubuta nasu. Akawu kuma in ya tashi daga ofis ya karanta wa iyalinsa. Malam Abubakar malamin Midil ne kamar kowa sa'ad da aka ce a rubuta labari, ya ɗauki alƙalami ya gwada. Mai yiwuwa ne a cikin yaran da ke zaune gabanmu a Samaru ko Sabon Gari ko Tudun Wada akwai mai irin baiwarsa, yana jiran wanda zai ce masa ya gwada.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.